Waziri Sallau da Akwatunan Ƙetaren Gulbi

An yi wani sarki, Ishaƙu sunansa, a wata ƙasa da ba a gadar sarautarta daga uba zuwa ɗa, sai dai idan wa'adi ya cika jama'a su fito su jefa ƙuri'a, wanda ya rinjaya ya hau, wanda aka rinjaya ya koma gida. Ya hau mulki ne a ƙarƙashin Jam'iyyar Rumbu, wadda shi da abokinsa na ƙuruciya, Malam Sallau, suka kafa tun suna malaman makaranta. Da Allah ya ba shi mulki sai ya naɗa Sallau Waziri, ya kuma bar shugabancin jam'iyya a hannun wani attajiri mai kaifin dabara, ana ce masa Alhaji Cindo.

Ku sani, ya ku ma'abota hankali, kaɗaici iri biyu ne: akwai na wanda babu kowa a kusa da shi, akwai kuma na wanda jama'a suka kewaye shi amma babu mai yi masa magana da zuciya ɗaya, na biyun kuwa ya fi ɗaci. Shi ne ya sami Sarki Ishaƙu. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun yi nisa, abokan dā sun koma masu durƙuso. Idan ya yi barkwanci sai a fashe da dariya tun bai kai ƙarshe ba, idan ya ɓata rai kowa ya ɓata, har ya zamana yakan kore kowa ya ci tuwonsa shi kaɗai, don ya huta da ganin fuskarsa a fuskokin mutane.

Da zaɓe ya ƙarato, manyan jam'iyya suka shiga zama a zaurensu, a rufe ƙofa, a bar 'yan rakiya a waje. Abin da ya hana su sakat shi ne al'amarin Ƙetaren Gulbi, wani yanki mai yawan jama'a a hayin kogi. A wancan zaɓe an yi musu alkawarin gada, aka je da kaɗe-kaɗe aka aza harsashi, daga nan ba a sake waiwayarsu ba. Yanzu sun juya baya, kuma kowa a zauren ya san idan ƙuri'unsu suka tafi ga 'yan hamayya, mulki ya tafi.

A wani zama Alhaji Cindo ya miƙe, ya gyara riga, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, zaɓe zai faɗo a tsakiyar damina, lokacin da gulbi ya cika ya batse. Masu shirya zaɓe kuwa suna jin maganarmu. In aka ce saboda tsaro an tattaro akwatunan Ƙetare an ajiye su a wannan gaɓa tamu, wa zai sa tsohuwa ko mai goyo a kwalekwale saboda ƙuri'a? Ba mu doki kowa ba, ba mu saci komai ba. Ruwa ne ya hana su, ruwa kuwa na Allah ne."

Zauren ya ɗauka, "Wannan haka yake! Allah ya ƙara basira!"

Waziri Sallau ya bari sai da hayaniya ta lafa. Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Ruwa na Allah ne, gaskiya ne, amma hannun da zai ɗauke akwati namu ne. Mun hana mutanen nan gada, yanzu kuma muna so mu fake da rashin gadar mu hana su baki. Wannan zalunci ne a kan zalunci, ni kuwa ba zan sa albarka a cikinsa ba."

Sarki ya daɗe yana dubansa, domin zuciyarsa ta rabu biyu, rabi na tsoron Allah, rabi na tsoron faɗuwa. Daga bisani ya ce, "Waziri, ƙin shawara ba shi da wuya, kawo wadda ta fi ta shi ne aiki. Na ba ka daga nan zuwa zama na gaba. Ka zo mini da hanyar da ba za mu zalunci mutanen Ƙetare ba, kuma ba za mu faɗi ba. In ka samo, ita za a bi. In ka kasa, a bi ta Alhaji Cindo, kai kuma ka ajiye rawani."

Waziri ya ce, "Na ji, na karɓa."

Tun daga bakin ƙofar zauren ya ga abin da ke jiransa. Waɗanda suka saba rige-rigen juya masa takalmi suka wuce kamar ba su gan shi ba. A masallaci wanda ke gefensa ya sallame ya tashi ba musafaha. Ƙofar gidansa, wadda ba ta rabuwa da masu neman alfarma, ta koma sai akuya ke kwance a kan dakali.

Washegari ya shiga kwalekwale shi kaɗai ya haye Ƙetare. Da ya isa dandalin babban ƙauyensu ya yi sallama, mazan da ke zaune suka amsa a daƙile, suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka bar masa inuwar. Yana nan zaune sai wata tsohuwa, Inna Hansai, ta fito daga gida da ruwa a kwanon sha, ta ajiye a gabansa, ta ce, "Baƙo baƙo ne, ko daga ina ya fito. Sha."

Ya sha, ya yi godiya, ya ce, "Inna, na zo ne in ji abin da za a yi muku zuciyarku ta huce."

Ta zauna a nesa kaɗan, ta ce, "Bara war haka naƙuda ta kama matar ɗana, Ladidi, ta zo da gardama. Asibiti yana can wajenku. Muka sa ta a kwalekwale, ruwa na ja, masu tuƙi na fama. A tsakiyar gulbi ta cika, ita da abin da ke cikinta, kanta a kan cinyata. Muka juyo. Daga inda muka juyo ɗin ana hango harsashin gadarku. Ɗana tun ranar ba ya haɗa magana biyu."

Waziri ya yi salati, ya yi mata ta'aziyya, sannan ya ce, "In aka kawo ma'aikata gobe aka kama aikin gadar fa?"

Ta ce, "Wanda ya yi maka ƙarya da rani, ba ka gaskata shi da damina. Ni ba na zagin Sarki, ba na yi masa mugun baki. So nake in je da ƙafata in dangwala yatsana in ce a'a. Abin da ya rage mini ke nan."

Ya zaga ƙauyuka da dama, ko'ina maganar ɗaya ce, sai dai sunan mamacin ya bambanta.

Da ya komo, ana gobe zama, ya sami Sarki bayan la'asar a zaune cikin lambu shi kaɗai. Sarki ya sallami dogarai, ya ce, "Zauna nan kusa, Sallau. Ka samo?"

"Ban samo ba."

Sarki ya juya ya dubi gidan sarauta. Can ya ce, "Ba kujerar nake ji ba, wallahi. Gidan nan nake tunani. Yanzu ma da ake cika shi, shirunsa yana so ya kashe ni. In na faɗi, wa zai rage tare da ni?"

Waziri ya ce, "Ishaƙu, wanda yake tare da kai yau don kai, shi zai rage. Sauran kuwa ko yanzu ba sa nan, rigunansu kake gani."

Suka zauna haka har aka kira magariba.

Da aka hallara a zaure aka rufe ƙofa, Waziri ya miƙe, ya warware rawaninsa da hannunsa, ya naɗe shi ya ajiye a gaban Sarki, ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ka aike ni neman hanyar da za ta haɗa mana adalci da tabbacin nasara. Na nema da ƙafata da kunnena, na kuma tabbata babu ita. Mutanen Ƙetare za su ƙi mu, kuma suna da hujja. Da na so, da na zo da wata dabara mai zaƙi na tsira da rawanina, amma da na ci amanarka. Abin da na samo shi ne wannan: zaɓe tambaya ce da mai mulki yake yi wa jama'a, wanda kuwa ya toshe bakin wanda ya tambaya, bai ji amsa ba, muryarsa ya ji. Ƙuri'ar da aka hana jefawa ba ta zama taka ba. Za ka iya ci gaba da zama a kujera, amma daga ranar ba za ka sake sanin ko akwai mutum ɗaya a ƙasar nan da ya yarda da kai ba. Na kasa, ga rawani."

Alhaji Cindo ya yi murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe, ya faɗa da bakinsa. Sharaɗi sharaɗi ne."

Sarki ya dubi zauren, ya bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya, kowace tana jiran ta ga inda tasa za ta karkata. Sannan ya sauko daga kujerarsa, ya ɗauki rawanin, ya ce, "Na ɗora wa Waziri abin da ba ya yiwuwa, ina fatan ya yi mini ƙarya in sami abin fakewa, ya ƙi. Wanda ya dawo da gaskiya bai kasa ba." Ya naɗa masa rawanin da hannunsa, ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa masa, ya ce, "Akwatunan Ƙetare za su zauna a Ƙetare, kowane ƙauye da nasa. Wanda ya taɓa su, ni ya taɓa. Waziri, kai na ba amanar tabbatar da haka, kuma daga yau kujerarka tana damana."

Alhaji Cindo ya tattara rigarsa ya fita, mutane da yawa suka bi shi, kafin mako ya zagayo an gan su a taron 'yan hamayya. Zaman da suka biyo baya, rabin zauren kujeru ne wayam, amma waɗanda suka rage suka fara yi wa Sarki musu, shi kuwa har yakan tsawaita zama don daɗin jin haka.

Ranar zaɓe aka kwana ana ruwa, mutanen Ƙetare suka fito ƙwansu da ƙwarƙwatarsu, suka ƙi Sarki. Aka ƙidaya, Sarki Ishaƙu ya faɗi. Ya miƙa mulki da hannunsa, ya koma tsohon gidansa na unguwar malamai, inda babu mai zuwa sai Sallau, wanda kullum da hantsi yakan zo su zauna a zaure, wani lokaci su yi hira, wani lokaci su yi shiru.

Bayan kaka, wata rana suna zaune sai ga wasu dattawa sun yi sallama, ɗauke da kwandon busasshen kifi. Babbansu ya ce, "Daga Ƙetare muke. Ranka ya daɗe, ba mu zaɓe ka ba, kuma ko gobe aka sake ba za mu zaɓe ka ba. Amma labarin abin da aka so yi mana ya iso mu, mun kuma ji wanda ya hana. Ka bar mu mun ƙi ka, alhali kana da ikon hanawa. Shi ne muka ce bai kamata a bar ka ba gaisuwa ba."

Ishaƙu ya karɓi kwandon da hannu biyu. Ya juya ga abokinsa, ya ce, "Sallau, a ƙaro tabarma." Suka ci abinci tare a akushi ɗaya, dattawan ba su tafi ba sai da rana ta yi sanyi.

Saboda haka masu hikima suka ce: mulki aro ne, mai shi yakan karɓe abinsa; adalci kuwa shi ne guzurin da mai mulki yake sauka da shi, kuma wanda ya yi adalci ga maƙiyinsa ba ya rasa mai yi masa sallama.