Mutum Uku Kaɗai Suka San Ƙarshen Littafin

Akwai wani mutum a Babura, Ukasha sunansa, mai ɗan shagon cajin waya a bakin kasuwa. Ya haura talatin da biyar, bai yi aure ba, abokan tasowarsa duk sun watse neman abinci. In ka leƙa shagon, shi kaɗai za ka gani, wayoyin mutane sun kewaye shi.

Amma a cikin waya Ukasha babban mutum ne. Guruf biyar yake riƙe da su na masu karatun littattafan Hausa, mutum sun fi dubu huɗu. Aikinsa ɗaya ne: marubuci ya fitar da littafin kuɗi, shi ya saya sau ɗaya, ya watsa wa kowa kyauta.

Ko sisi ba ya samu. Abin da yake samu shi ne, “Allah ya saka, Oga Admin.” Mutumin da ake yin wata ba a yi masa sallama a ƙofar gida ba, ai dole wannan kalma ta yi masa daɗi.

A gida su biyu ne, shi da mahaifiyarsa Iya Fanna, wadda ta rasa ganinta shekara huɗu da suka wuce. Babban ɗanta Babagana ya tsallaka Nijar da nufin wucewa Libiya, shekara goma sha ɗaya ke nan, ba waya ba saƙo. Har yau ba ta yarda an zuba kaya a ɗakinsa ba. Kullum da safe sai ta lalubi bango ta je ta buɗe ƙofar, wai ɗaki ya sha iska.

Ana nan sai wata marubuciya mai kiran kanta Maman Tasalla ta fara wani littafi, Ɗakin Lauwali. Labarin wata tsohuwa ce da ɗanta Lauwali ya tafi ci-rani bai dawo ba, ita kuma kullum tana share masa ɗaki. Babi arba'in ne, naira ɗari biyar kuɗin shiga, duk kwana biyu ta saki babi ɗaya.

Ukasha ya biya, ya fara kwasowa yana zubawa a guruf kamar yadda ya saba. Wata rana bayan la'asar ya karanta wa Iya babin farko don kawai ta rage zaman shiru. Da ya gama ta ce, “Gobe ma ka karanta min.”

Shi ke nan abin ya zama musu al'ada. Da ya dawo daga masallaci zai tarar ta shimfiɗa tabarma a rumfa, ta juyo da kunnenta wajen ƙofa.

“Yarinyar nan ta san zafin jira,” in ji Iya wata rana. “Ana biyanta kuwa, Ukasha?”

“Ana biya, Iya. Ni da hannuna na biya.”

Bai yi ƙarya ba, ya dai ɓoye mata mutum dubu huɗu.

Ita kuwa Maman Tasalla ta ga masu saye sun tsaya cak, alhali ko'ina zancen littafinta ake yi. Ta fara rubuta lambar wayar mai saye a jikin kowane shafi don ta gane mai fitarwa. Ta gane Ukasha, ta cire shi daga guruf ɗinta na waɗanda suka biya. Ya sa wani layin ya sake shiga. Ta koma wata manhaja da ba a iya kwafar rubutu ko ɗaukar hoton allo. Ukasha ya yi dariya, ya ɗauko wata wayar daga cikin na caji, ya riƙa ɗaukar hoton tasa shafi-shafi.

Ta rage kuɗin zuwa ɗari biyu. Duk da haka shiru.

Daga ƙarshe ta turo masa saƙon murya. Muryar a sanyaye take, ana jin kukan akuya a bayanta.

“Malam, don girman Allah ka bari. Da babban yatsana nake buga littafin nan, data ma sai na saya. Babi uku ya rage. Ka bar ni in gama, ko mutum ashirin ne su saya.”

Ku ji abin da bawan Allahn nan ya yi. Ya ɗauki muryar ya tura guruf, ya rubuta a ƙasa, “Ku ji Hajiya za ta gina bene da ɗari biyu.” Aka yi ta dariya, aka yi ta yi masa kirari. Ranar ya kwana yana jin kansa.

Ta saki babi na talatin da takwas. A nan ne tsohuwar cikin labarin ta ji mota ta tsaya a ƙofar gida, ta ji an sauke jaka, ta miƙe tsintsiya a hannunta. Daga nan ba a ƙara jin Maman Tasalla ba. Layinta a kashe.

Kwana biyu, kwana biyar, sati biyu. Iya tana shimfiɗa tabarma, Ukasha yana cewa ba a turo ba.

“Ko lafiya take? Ni dai ina so in ji ko Lauwali ne ya sauka daga motar nan.”

Ya san ba Lauwali take tambaya ba. Abincinta ya ragu, hirarta ta ragu, abin ya fara damunsa ƙwarai.

Sai ya yi dabara. Ya zauna a shago ya rubuta nasa ƙarshen, ya dawo da Lauwali da mota da akwatuna, har da kujerar Makka. Yana cikin karanta mata ta ɗaga hannu.

“Dakata. Wannan ba bakinta ba ne.”

“Iya, ita ce.”

“Ukasha, ido na rasa, ban rasa kunne ba. Ita ba ta gaggawa. Me ya sami yarinyar nan?”

Sai ya faɗa mata komai, har da muryar da ya watsa aka yi dariya.

Iya ta naɗe tabarmarta a hankali.

“Ashe duk kwanakin nan abin sata kake zuba min a kunne. Ashe kai ka rufe mata baki.” Ta dafa bango ta miƙe. “Ko ta turo, kada ka karanta min sai ta yafe maka.”

Kwana uku ba ta fito rumfa ba. Gidan ya yi masa faɗi. Wayarsa kuwa ba ta daina ƙara ba, amma duk saƙon iri ɗaya ne: Oga Admin, ina ci-gaba?

Ya duba sunan asusun da ya tura wa kuɗi, ya ga Barira Haladu. Ya tuna ta taɓa gaishe da mutanen Gwiwa a farkon wani babi. Ranar Asabar ya rufe shago, ya hau mota zuwa Kazaure, ya canza ta Roni, daga nan ɗan acaba ya ƙarasa da shi, gero ya yi tsayi hagu da dama.

A Gwiwa ba wanda ya san wata marubuciya. Sai da ya ce Barira 'yar Malam Haladu, aka ce, “Au, mai ƙuli-ƙuli? Wadda mijinta ya rasu?” aka nuna masa gidan.

Ta fito zaure da hijabi, hannunta duk man gyaɗa. Suka gaisa. Ya durƙusa ya ce, “Malama, ni ne Oga Admin.”

Ta dube shi. Ba ta zage shi ba, da ma zagin ta yi da ya fi masa sauƙi.

“Na sayar da wayar,” in ji ta. “Gyaɗa na saro da kuɗin. Ƙuli-ƙuli in mutum ya ci, to ya biya.”

Ya roƙe ta gafara. Ya ba ta labarin Iya, da Babagana, da ɗakin da ake buɗewa kullum da safe.

“Ka san abin da ya fi ƙona min rai? Ba kuɗin ba ne. An ce dubbai suna karantawa. Da na yi shiru, kafin in sayar da wayar, saƙo ya fi ɗari ya shigo. Wasu zagi, wasu ina ci-gaba. Ko mutum ɗaya bai ce Barira lafiya ba. Tun rasuwar baban Tasalla nake zaton ina da mutane a cikin wayar nan, ashe ni kaɗai nake zaune.”

Ukasha ya sunkuyar da kai, don ya san wannan zaman.

“Iya ta tambaya,” ya ce. “Kullum sai ta ce ko lafiya kike.”

Barira ta juya fuskarta ta goge ido da gefen hijabi. Ta shiga ciki, ta fito da wani littafin rubutu irin na 'yan firamare, bangonsa ya sha mai.

“Babi biyun ƙarshe ne, da biro na rubuta. Ba wani kwafi sai shi. Ba lamba a jiki, ba manhaja, ba makulli. In ka ga dama ka ɗauki hotonsa tun a kan hanya, ba yadda zan yi da kai. Don tsohuwa na ba ka. Na yafe maka, ka gaishe ta.”

Ya ciro kuɗi, ta ce ya mayar aljihunsa.

A mota wayarsa ta yi ta motsi a aljihu, littafin yana cikin rigarsa. Ba zan ɓoye muku ba, da bakinsa ya faɗa min cewa sau biyu yana ciro wayar. Shafi goma sha huɗu ne kawai, minti biyu ya isa, kuma ranar da sai an yi masa kirarin da ba a taɓa yi masa ba. Suna wuce Kazaure ya rubuta a guruf cewa ya daina, ya nemi gafarar duk marubucin da ya cuta, ya rufe su duka biyar.

Ya faɗa wa Iya cewa Barira ta yafe masa, washegari bayan la'asar ta shimfiɗa tabarma. Ya karanta mata a hankali har layin ƙarshe. Ta yi kuka mai yawa, sannan ta share fuska ta ce, “Wannan bakinta ne. Allah ya yi mata albarka.” Da safe ta buɗe ɗakin Babagana kamar kullum, amma ranar ta shanye kokonta tas.

Mutum dubu huɗun nan kuwa, 'yan kaɗan suka zage shi, sauran suka koma wajen wani admin. Ko ɗaya bai kira ya ce Ukasha lafiya ba.

Sati na zagayowa ya mayar wa Barira da littafinta, da ƙaramar waya da saƙon Iya cewa ta riƙa kira suna gaisawa. Suna gaisawa har yau, duk Juma'a. Amma Barira ba ta ƙara rubuta littafi ba. An roƙe ta, ta ce hannun ya mutu.

Na san za ku cika min akwatin saƙo da tambayar ko Lauwali ne ya sauka daga motar. Kada ku wahalar da kanku, ban sani ba. Na tambayi Ukasha, ya ce amana ce. Ni ma babi talatin da takwas na karanta, kuma a guruf ɗinsa na karanta, kyauta. Da aka turo muryarta, ina cikin waɗanda suka yi dariya.

Darasi: Littafin da ya shigo wayarka kyauta, wani ne ya zauna shi kaɗai ya rubuta shi da guminsa. In kana so, ka biya. In ba ka da hali, ka haƙura ko ka roƙi mai shi, kada ka karɓi na sata, kada ka tura wa wani. Ba kowane wanda aka karya wa zuciya yake komawa rubutu ba, ko da ya yafe. Ku tura wannan labari ga duk guruf ɗin da kuka san ana raba littafin mutane, shi kam na yarda ku watsa shi kyauta.