Jar Mota da Kwandunan Tumatir

An yi wani mutum a ƙasar Kura, cikin ƙauyukan nan da ruwan Tiga ya ratsa. Ba zan kama sunansa ba, ya 'yan uwa. Wasunku sun san shi, wasunku ma sun ci tuwo a zaurensa.

Mahaifinsa ya rasu ya bar masa gona a bakin babbar hanyar ruwa, inda ruwa ke fara isa kafin ya kai ga kowa. Noman rani ya karɓe shi, tumatir ya yi, kasuwa ta yi daɗi. Bai sayi injin ban ruwa ba. Bai gyara katangar mahaifiyarsa da damina ta ci ba. Kano ya tafi, ya dawo da wata jar mota mai ƙofa biyu, 'yar guntuwa, cikinta kamar zai shafi ƙasa, wadda wani Bature ɗan kwangila ya sayar da zai koma garinsu. Kujera biyu gare ta. Ba ta ɗaukar kwando, ba ta ɗaukar mara lafiya, ko hanyar gonarsa ba ta iya bi. Abin da ta iya kawai gudu da ƙara.

Tun daga ranar zama ya gagare shi. Da safe yana Kura, kafin azahar an gan shi a Bunkure, da la'asar yana Garun Mallam, kuma babu abin da ya kai shi ko'ina. Ya yi mata inshora babba, irin wadda aka ce masa kome ya sami motar kamfani zai gyara. Sai ya ɗauka kamar laƙanin tsari ya saya. Danjar motar, jar fitilar baya da ke kamawa idan an taka birki, ta daɗe da mutuwa. Ya sani. Kullum sai ya ce gobe.

Ran nan da hantsi, a kan titin Zariya kusa da Kadawa, ya sha gaban wata a-kori-kura da aka shaƙe da kwandunan tumatir. Yana shan gabanta ya hango abokansa a gindin bishiya suna ɗaga masa hannu. Ya take birki a tsakiyar titi don a gaisa. Direban da ke bayansa, wani saurayi mai suna Maharazu, bai ga wata alama ba. Ya yi iya ƙoƙarinsa, amma mota mai kaya ba ta tsayawa a take. Ji kake garam!

Allah ya tsare, ko ƙwarzane babu wanda ya yi. Bayan jar motar ne ya lotsa, fitilun baya suka tarwatse.

Maharazu ya sauko, ya durƙusa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wallahi ban ga danja ba."

Mutumin nan ya ce, "Ka bugo ni ta baya, kana yi mini zancen danja? Je ka tambayi duk wanda ya san mota, wanda ya buga ta baya shi ke da laifi."

A zuciyarsa ya san gaskiya. Amma ya dubi fitilun a farfashe a ƙasa, ya ga babu mai iya gane cewa dama matattu ne. Nan Shaiɗan ya sami ƙofa.

Motar ba ta Maharazu ba ce, tuƙi aka ba shi. Kayan kuma na ƙananan manoma ne da suka haɗa lodi don a kai kasuwa Kano kafin rana ta yi. Cikinsu har da Malam Dattijo, ƙanen mahaifin mutumin nan, wanda labari ya iske shi ya garzayo a kan keke.

Malam Dattijo ya ce, "Ɗana, ka ji tsoron Allah. Mota ƙarfe ce, za ta jira. Tumatir ba ya jira. Bari a juye kwandunan nan a wata motar, sannan ku yi shari'arku."

Ya ce, "Baffa, ba ka san harkar inshora ba. Lodin nan shi ne shaidata cewa ya yi wa mota kayan da ya fi ƙarfinta. Ko kwando ɗaya ba mai taɓawa."

"Har da nawa?"

"Har da naka, Baffa. Ka yi haƙuri."

Haka ya tsare titi, ya hana a matsar da kome, jama'a suka taru suna zagaya jar motar gaba da baya har rana ta take. Daga nan aka ja motocin biyu zuwa caji ofis. Can tumatir ya zauna cikin zafin farkon bazara. Ku manoma ne, ba sai na gaya muku ba. Ruwa ya fara ɗiga ta ƙarƙashin mota, ƙudaje suka yi gayya, wari ya hana ma'aikata zama. Da aka ce a zo a kwashe, babu abin kwashewa sai na zubarwa. Wahalar mutane ta wata da watanni, shiga ruwa tun asuba, taki, feshi, duk ta tsiyaye a farfajiyar ofis. Mai a-kori-kura kuwa ya karɓe makullinsa daga hannun Maharazu, ya ce kada ya sake ganinsa.

Ya 'yan uwa, ina tambayarku, wa ya tsawata masa a garin? Ba kowa! A majalisa cewa ake yi, ai wane ya san doka.

Aka kai jar motar garejin wani mai gyaran jikin mota a Kano, Uba sunansa. Uba ya duba ya ce, "Alhaji, wannan ai ƙaramin aiki ne. Zan buge lotsawar in yi fenti. Fitilun ne sai an jira, ka san yadda kayan gyara suka yi wuya a ƙasar nan."

Kamfanin inshora suka ce za su turo mai dubawa. Mutumin nan ya je ofishinsu, aka ce ya dawo jibi. Ya dawo, aka ce mai dubawar ya tafi Kaduna. Mutumin da ya saba keta titi da jar mota ya koma cusa kansa a bas, safiya Kano, yamma Kura, ba ya cin abinci a zaune, ba ya sauraron kowa. Matarsa Zuliha ta ce masa, "Maigida, masu aiki sun ce an saki ruwa ba ka je ba, kuma tumatir ya fara nuna." Ya ce ta rabu da shi, yana da abin da ya fi wannan.

Cikin wannan kai-kawo ne abokan gindin bishiya suka raɗa masa shawara. Suka ce ai idan ɓarna ta yi yawa kamfani ba ya gyara, sabuwa yake saya wa mutum. Suka ce dukiyar kamfani ba ta kowa ba ce, ci halal. Maganar ta shige shi, ta hana shi sukuni. Don me zai karɓi mota mai tabo alhali sabuwa na nan?

Ya je garejin, ya jira Uba da ma'aikatansa suka tafi sallar azahar. Ana kabbara a masallaci, shi kuwa ya ɗauki guduma. Ya fasa gilashin gaba. Ya fasa fitilun gaba. Ya lotsa murfin inji, ya buɗe ya huda lagireto, wato tankin ruwan inji, ya bi duk abin da hannunsa ya kai. Motar da ba ya bari ƙura ta kwana a kanta, ita yake duka yana haki. Da Uba ya dawo ya riƙe baki. Mutumin nan ya ce, "In an tambaye ka, haka aka kawo ta. Da aka buge ni ta baya, sai aka tura ni na daki kwalbati."

Uba ya ce, "Alhaji, ni dai ban ga kome ba, kuma ba zan rantse a kan kome ba."

Da mai dubawar ya zo, ya zagaya motar, ya shafa gurbin gudumar da yatsa. Washegari ya shiga mota ya tafi Kadawa da kansa. Bai ga kwalbati a wurin ba. Ya tambayi masu shayi, ya tambayi masu faci, ya tambayi manoman da aka zubar wa kaya. Kowa ya ce ai gaban motar lafiya lau yake, mun gani da idonmu, shi da kansa ya tsare mu a wurin har rana ta take. Kun ji ikon Allah? Taron da ya tara don ya wulaƙanta Maharazu, shi ya zama shaida a kansa.

Kamfani suka ce ba za su biya ba. Ba na gaba ba, ba kuma na bayan da tun farko suka yarda za su gyara ba. Suka ce ya gode Allah da ba su kai shi kotu ba.

Sai a lokacin ya tuna da gona. Ya tarar rabi ya ƙone don rashin ruwa, rabi ya nuna jajir yana neman zubewa. Ya tara masu tsinka da gaggawa, aka cika kwanduna, aka jera a bakin titi. Ya tsaya yana ɗaga hannu. Mota ta zo ta wuce. Wata ta zo ta wuce. Direbobin tasha sun riga sun gama magana a tsakaninsu, babu mai ɗaukar kayan wanda ya raba ɗan uwansu da abincinsa. Ɗaya ya rage gudu, ya leƙo ta taga ya ce, "Alhaji, a zuba a jar motar mana, ai ta fi sauri!" Ya ja motarsa.

Ya ruga tasha, ya roƙa, ya ce zai biya ninki. Suka ce ya je ya roƙi Maharazu. Ya koma bakin titi ya tsaya a kan kwandunansa, rana na dukansa, har ya ga ruwa ya fara ɗiga ta ƙarƙashinsu, ƙudaje suka taru. Ya san warin nan. Ya taɓa jin sa a farfajiyar caji ofis.

Kuna tsammanin ya farka? Ina! Ya ce in dai motar ta tashi, darajarsa za ta dawo. Ya yanki gonar gado ya sayar, ya aika Ikko a nemo kayan gyara. Wasu suka zo ba su yi daidai ba, wasu ba su zo ba sam. Ya ƙara yanka. Ya ƙara. Yau gonar nan ta bakin ruwa tana hannun wani, shi kuma idan lokacin tsinka ya yi, za ku gan shi a cikinta a sunkuye, ɗan ƙodago ne. Motar tana bayan garejin Uba, ba taya, kaji na ƙwai a cikinta.

Amma ba wannan ke hana shi barci ba. Da duniya ta gama koya masa, ya je ya durƙusa gaban Malam Dattijo, tsoho ya yafe masa. Ya bi sauran manoman, wasu suka yafe, wasu suka kau da kai. Sai ya shiga neman Maharazu. Aka ce ya bi manyan motoci ya yi Kudu da ya rasa mai ba shi tuƙi a nan. Wa ya san garin da yake? Babu. Yana raye? Babu mai iya cewa. Har yau duk motar Kudu da ta tsaya lodi, mutumin nan sai ya je ya leƙa fuskar direba da ta yaran mota, ya dawo.

Ya 'yan uwa, ban zo muhawarar malamai a kan inshora ba. Ƙarya dai ƙarya ce, ko ga mutum aka yi ta ko ga kamfani. Zalunci zalunci ne ko da doka tana bayanka. Tsakaninka da Allah, ka tuba ya yafe maka. Haƙƙin bawa kuwa sai mai shi ya yafe, to idan ka neme shi ka rasa fa? A ina za ku haɗu, in ba a filin da babu gona, babu mota, sai ladanka da za a ɗiba a ba shi?

Kuma kada wanda ya fita daga nan yana cewa Allah sarki wane. Ku da kuka ga ana zubar da abincin maƙwabtanku kuka yi shiru don mai zaluncin yana saya muku shayi, kuna ciki. Ku da kuke kiran cuta wayo, kuna ciki. Mun cika sahu, mun iya doguwar addu'a, amma a gabanmu aka durƙusar da yaro mai gaskiya a kan kwalta, ba mu ce kanzil ba. Har yaushe? Duk wanda ya san akwai wani Maharazu a wuyansa, ya tashi ya neme shi yau, tun yana inda za a same shi.

Allah ya raba mu da haƙƙin mutane, ya hana hannuwanmu rushe abin da ya ba mu, ya sa mu tuba tun masu yafe mana suna kusa. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.