Ranar da Aka Je Sinima da Yaya Maliki

Akwai wani magidanci a Zango mai suna Zailani, yana sana'ar hatsi a kasuwar Mai'adua. Matarsa Kubura tana da yaya guda, sunansa Maliki, wanda aka taɓa kamawa da laifin fasa shago, ya yi 'yan shekaru a gidan yari.

Da Maliki ya dawo, sai ya zama kamar baƙo a garinsu. Idan ya doshi majalisa, hira ta tsaya. Idan ya shiga shago, mai shagon ya bi hannunsa da ido. Daga baya ya daina fita, daga ɗaki sai masallaci.

Bayan ƙaramar Sallah, Zailani ya yi wa Kubura alkawarin zai kai ta Kano ta ga sinima, don ba ta taɓa shiga ba. Ana gobe tafiya ta ce, "Maigida, ina neman alfarma. Mu tafi da Yaya Maliki mana. Rabon da in ga dariyarsa har na manta."

Zailani ya ɓata rai. "Cikin taron jama'a fa za mu shiga, Kubura."

"Shi ma ai mutum ne," in ji ta.

Ya dube ta, ya ga idonta ya kawo ruwa, sai ya ce to.

Da safe suka zo tasha a Daura suka hau mota. Maliki ya sa shaddarsa guda ɗaya da ta rage, ya goge ta tsaf. Duk hanya yana ta kallon gonaki ta taga.

Bayan azahar suka shiga sinimar. Zailani ya yanki tikiti, ya sayo gugguru, suka zauna: Kubura a gefe, shi a tsakiya, Maliki a damansa. Aka kashe fitilu. Ashe fim ɗin na 'yan fashi ne, wani ɗan sanda mai farin kaya yana bin sawunsu ɗaya bayan ɗaya. Kubura ta riƙa kama hannun mijinta tana salati. Da aka zo inda aka sa wa wani ankwa, 'yan kallo suka kaure da tafi, wani daga baya ya ce, "Maganinka ke nan, ɓarawo!"

Maliki ya sunkuyar da kai. Guggurunsa ma bai taɓa ba.

Aka gama, aka kunna fitilu. Zailani ya miƙe ya shafa aljihu, ya ji babu waya. Ya duba ɗaya aljihun, wayam. Kafin ya yi wani tunani, idonsa ya sauka kan Maliki. Bai ce komai ba, kallo ne kawai.

Amma Maliki ya gani.

A hankali ya tashi, ya zazzago aljihun rigarsa, ya zazzago na wandonsa. Carbi ne da tsinken asuwaki. Ya cire hula ya nuna cikinta, sannan ya ɗaga hannuwansa sama kamar wanda ya saba a lalube shi. Masu fita suka tsaya kallo.

Kubura ta fashe da kuka. "Yaya, sauke hannunka! Don Allah sauke!"

Mai gadin wurin ya matso da tocila, ya haska ƙarƙashin kujeru. Ya zura hannu ta tsakanin kujerar Zailani da majinginta, sai ga waya. Zamewa ta yi lokacin da yake zaune.

Zailani ya karɓa. Ya ji da ma ɓacewa ta yi ya huta da wannan kunya.

Suka hau motar komawa gida. Sai da suka wuce Kazaure aka tsaya sallah. Bayan sun idar, Zailani ya matso kusa da Maliki a bakin masallaci, ya durƙusa.

"Yaya Maliki, na zalunce ka. Ka yafe mini don girman Allah."

Maliki ya juyo ya dube shi. Sannan ya ce, "Kallon nan na saba da shi, Zailani. A kasuwa ana yi mini, a masallaci ma wasu suna janye takalmansu. Ni na jawo wa kaina, ban musa ba. Naka ne dai ya fi yi mini ciwo, don na ɗauka yau na huta."

Hawaye ya zubo wa Zailani.

Maliki ya kama kafaɗarsa ya ɗaga shi. "Tashi, na yafe. Tun da na dawo, ba wanda ya taɓa ce mini zo mu je wuri kaza, sai ku. Ba zan bar minti guda ya ɓata mini wunin nan ba."

Ranar kasuwar Mai'adua ta zagayo, Zailani ya biya gidan surukarsa, inda Maliki yake zaune, tun da sassafe, ya ɗauki Maliki a babur. A gaban abokan sana'a ya zaunar da shi a rumfa, ya miƙa masa tiyar awon hatsi, ya ce, "Wannan yayana ne. Idan ba na nan, shi ne ni." Wasu suka yi ƙus-ƙus, ya yi kamar bai ji ba. Kafin kaka ta zo, mata masu awo sun fara tambaya da bakinsu, "Ina Malam Maliki? Shi muke so ya auna mana."

Darasi: Wanda ya yi kuskure ya karɓi hukuncinsa ya tuba, kada mu ci gaba da hukunta shi da idanunmu. Kallon zargi yana karya zuciya ko da baki bai furta komai ba, kuma idan ka yi, kada girman kai ya hana ka neman gafara. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai wani Maliki a unguwarku da yake jiran a ce masa zo mu je.