Ƙuri'ar da Yaya Ofelia Ta Roƙa

Akwai wani direban babbar mota mai suna Eusebio Carrizales, a wata unguwar bayan gari a kudancin jihar Texas ta Amurka, dab da kogin da ya raba su da Mexico.

Shi da yayarsa Ofelia uwa ɗaya uba ɗaya suke, amma kogin nan ya raba musu rabo. An haife ta a can ƙetare kafin iyayensu su tsallako, shi kuwa a nan aka haife shi. Don haka shi yana da ikon yin zaɓe, ita ba ta da shi, duk da cewa a nan ta tsufa, kuma ita ta goye shi.

Ofelia tana fama da ciwon ƙoda. Motar ƙaramar hukuma ce ke zuwa har ƙofar gida ta kai ta asibiti wankin ƙoda, ta dawo da ita. Da motar nan take iya zama a gidanta, domin Eusebio kusan kullum yana kan hanya.

A zaɓen tsakiyar zango na shekarar, aka saka tambaya a can ƙasan takardar ƙuri'a: a ci gaba da ɗaukar nauyin motar, ko a soke ta?

Ofelia ta kira shi, ta ajiye masa tamales masu zafi, wani irin alalen masara nasu, ta ce, "Ƙanena, ni ba ni da baki a ƙasar nan. Ka je ka yi magana a madadina."

Ya yi dariya da loma a baki. "Haba Yaya, zaɓen da babu shugaban ƙasa a ciki, shi ma zaɓe ne? Na marasa aikin yi ne."

"Shugaban ƙasa bai san hanyar gidana ba. Motar nan ta sani."

"To, na ji. Zan je."

Eusebio ba mugu ba ne, raini ne kawai ya yi masa yawa. Aka buɗe rumfunan jefa ƙuri'a tun kafin ranar zaɓe ga mai son yi da wuri, kullum sai ya ce gobe. Ranar Talatar zaɓe ta faɗo a hutunsa, sai maƙwabcinsu, wani dattijo mai suna Don Hilario, ya biyo da ƙugiyoyi, suka tafi kamun kifi. Ko da Eusebio ya iso makarantar da ake zaɓen, an riga an rufe ƙofa.

A ƙasa ya hango 'yar takardar nan mai gam da ake manna wa wanda ya jefa ƙuri'a. Ya sunkuya ya ɗauka, ya kakkaɓe ƙurar, ya manna a ƙirjinsa, ya wuce gidan yayarsa.

Farin cikin da Ofelia ta yi, abin tausayi. Ta shafa takardar da yatsa, idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Allah ya yi maka albarka. Yau ni ma na yi zaɓe."

Sakamako ya fito, aka soke motar. Mutanen manyan unguwanni, waɗanda ba su taɓa buƙatarta ba, sun fito. Na unguwar su Ofelia, kaɗan ne suka leƙa.

Aka yi ta faɗi-tashi. Yau wata 'yar cocinsu ta kai ta, gobe babu kowa. Ta tsallake wanki, ƙafafunta suka kumbura, aka kwantar da ita. Daga ƙarshe 'yarta da ke can birnin Houston ta ce babu makawa, sai ta koma wurinta.

Ranar tafiya maƙwabta suka taru a ƙofar gida. Ofelia ta dube su daga kan kujerarta mai taya, muryarta a raunane.

"Ban riƙe kowa a zuciya ba. Amma kai Don Hilario, an ce mini kifi ka tafi kamawa ran nan. Da furfurarka. Da ka yi koyi da ƙanena, shi da ya bar hutunsa ya bi layi saboda ni."

Don Hilario ya ɗago kai ya dubi Eusebio. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

Da zagi dattijon nan ya yi, da ya fi wa Eusebio sauƙi. Kunya ta rufe shi. Ya durƙusa gaban kujerar ya ce, "Yaya, tare muka je kamun kifin. A ƙasa na tsinci takardar."

Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ta miƙa masa makullin gidan ta ce, "Ka rufe da kyau."

Shi ya tura kujerarta har bakin mota, kuma ba ta sake waiwayowa ba.

Darasi: Babu ƙaramin zaɓe. Ƙuri'ar da ka raina amana ce, domin a bayanka akwai wanda ba shi da ikon jefawa, kuma rayuwarsa na rataye da abin da ke ƙasan takardar nan. Ku tura wa duk mai cewa "gobe zan je", ko ya tashi yau.