Autan Doña Eufrasia

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a nan unguwarmu ta kan tudu, a kudancin Bogota. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana raye, kuma abin da ke cinsa ya ishe shi. Direban tasi ne, mai gashin baki, mai son a gaishe shi tun daga nesa. Shi ne auta a wurin Doña Eufrasia, wadda ta raini 'ya'yanta da gasa wainar masara a bakin titi.

Da tsufa ya kama Doña Eufrasia, sai hankalinta ya soma gushewa. Yayar mutumin nan, Marleny, ita ta rufe keken ɗinkinta ta tare a gidan. Ita ce wanka, ita ce kwasar kashi da fitsari, ita ce ba da abinci a baki. Shi kuwa gogan sai ranar Lahadi yake leƙowa da ledar burodi, ya zauna ya zazzage umarni, ya kama gabansa.

Ana nan sai gwamnati ta kawo tsarin tallafa wa masu jinyar tsofaffi a gida. Sharaɗinsa a fili yake: wanda ke jinya shi kaɗai, ba mai karɓarsa, shi ake turo wa mataimaki. Masu jira suna da yawa, amma Allah ya ba Marleny sa'a. Aka turo mata Wilfrido, wani dattijo mai sanƙo, mai sanyin magana. Duk Talata da Juma'a sai ya zauna da tsohuwa, ita kuma Marleny ta sauka cibiyar da aka buɗe wa masu jinya. Can ake wanke mata zannuwan gado da inji, likita ya duba mata baya, har hawa keke ta koya. Matar da ta manta yadda ake dariya ta dawo tana yi.

Me ya kamata ƙani ya yi in ya ga haka? Ba godiya ga Allah ba? Shi dai abin ya tsaya masa a wuya. Maƙwabta suna yabon Marleny, suna yabon Wilfrido, ba mai ambaton burodinsa.

Kun san al'adarmu. Ko furfura ta cika maka kai, in ka shiga wurin mahaifiyarka sai ka sunkuya ka ce, "Mama, albarka." Wata Juma'a mutumin nan ya biyo ta gidan, ya sunkuya ya faɗa. Tsohuwa ta dube shi, ta ja mayafinta ta ce, "Marleny, wane ne wannan mai gashin bakin? Mai duba mitar wuta ne?"

Bai gama haɗiye wannan ba sai ga Wilfrido ya shigo. Fuskar tsohuwa ta washe. Ta ce, "Autana! Zo nan." Ta ɗora hannu a kan sanƙon nan ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Ya 'yan uwa, a nan Shaiɗan ya sami wurin zama. Mutumin ya bi yayarsa kicin yana huci.

"Yaya, wannan mai kan ƙwaryar ne ya zama auta?"

"To kai ma ka riƙa zama mana, ta saba da fuskarka."

"Ina zan zauna? Ai ke gwamnati ta ɗauke ki 'yar lele. Kina yawo a keke kamar 'yar makaranta, baƙo yana kwashe mini albarka."

"Auta, ka taɓa tambayata yaya bayana?"

Ya juya mata baya. Ya fita da abin a ransa, yana tuƙi yana ganin hannun uwarsa a kan wani. Ya daina jin daɗin abinci. Kishi ya nuna masa cewa in aka kawar da Wilfrido, dole hannun nan ya dawo kansa.

Sai ya sa rigarsa mai kyau ya tafi ofishin masu tsarin. Ya ce yayarsa ƙarya ta yi, ba ita kaɗai ba ce, ga shi ɗa namiji kullum yana gidan yana jinya. Aka gode masa. Aka mayar da Wilfrido gidan wata da ke jiran layi.

Ranar sallama Wilfrido ya tare shi a ƙofa ya ce, "Maigida, akwai abu ɗaya. In rana ta take, Mama tana..."

Ya katse shi. "Kai za ka koya mini uwata? Sauka lafiya."

Shin ya zauna jinyar? Ina! Ya koma Lahadinsa da burodinsa. Aiki ya sake komawa kan Marleny ba hutu, har ranar da ta ɗaga tsohuwa daga wurin wanka, bayan Marleny ya amsa, ta zube. Aka ɗauke ta sai asibiti. Da aka koma ofis neman taimako, suka ce ai gidan nan akwai ɗa mai jinya, da bakinsa ya faɗa.

Ga shi ga uwarsa, abin da ya nema ya samu. Amma ba ta san shi ba. Kullum in rana ta take sai ta rikice, ta nemi takalmi, ta naɗe waina a tsumma, ta yi ta jijjiga ƙofa. Shi kuma ya kulle, ya daka mata tsawa. Wata rana ya fita ɗaukar fasinja ɗaya na kusa, ya manta bai sa sakata ba. Ruwa ya kece, irin ruwan garin nan mai shiga ƙashi. Ya dawo ya tarar da ƙofa a buɗe.

Ya bi kasuwa, ya bi tasha, babu ita. Da ya rasa abin yi, ya haɗiye girman kai ya kira Wilfrido a waya.

Wilfrido ya ce, "Ka duba ƙofar tsohuwar makarantarku? Duk ranar da na zo, can nake raka ta. Ɗaukar autanta take zuwa, da wainarsa a hannu. Sai in zagaya in fito ta ƙofar in ce, 'Mama, an tashe mu,' hankalinta ya kwanta. Duk wanda ya fito mata ta nan shi ne auta. Abin da na so faɗa maka ke nan. Albarkar nan taka ce, maigida. Ni kaina kawai na ara mata."

Mutumin ya je ya same ta zaune a gindin katangar makaranta, sharkaf, jikinta yana rawa, ta rungume wainar a ƙirji don kada ta jiƙe. Ya durƙusa a cikin taɓo yana kuka ya ce, "Mama, an tashe mu! Ga ni, Mama, albarka!" Idonta a rufe. Sanyi ya riga ya kama ƙirjinta. Aka kai ta asibiti, ta cika ba ta sake magana ba.

Marleny ta fito daga asibiti da sanda, har yau ba ta miƙe ba, ba ta kuma amsa gaisuwarsa. Tasin ya sayar. In kun bi ta ƙofar makarantar nan da tsakar rana za ku ga wani a tsaye, ba ɗa yake jira ba, ba jika ba.

Ya 'yan uwa, wa ya zalunce shi? Gwamnati? Wilfrido? Ba wanda ya ƙwace masa komai. Uwarsa ta manta sunan gari, ta manta fuskar kowa, amma ba ta manta lokacin ɗauko shi daga makaranta ba. Albarkarsa ake zubawa a gabansa, hassada ta rufe masa ido har ya kore ta da hannunsa.

In ka ga an sauke wa mai jinyar iyayenku kaya, ka yi murna, kai aka taimaka wa. In ba za ka ɗauka ba, kada ka tunkuɗe mai ɗauka. In kana son albarkar tsoho, ka zauna kusa da shi tun hannunsa yana ɗaguwa.

Ya Allah, ka saka wa masu jinya da alheri, ka wanke zukatanmu daga ƙyashin juna, ka sa mu rabu da iyayenmu hannunsu yana kanmu. Daga hassada da ƙarshen mai hassada, Allah ya kiyaye mu. Amin.