Faya-fayan Littattafai da Kwamfutar Jamilu

Akwai wani saurayi a Birnin Konni mai suna Jamilu. Wajen shekarar 2007 ya dawo gida, bayan ya daɗe yana aiki a wani shagon kwafar faya-fayai a Kwatano. Bai dawo da komai ba sai kwamfutar hannu guda ɗaya. Duk wanda ya taɓa daɗewa a waje ya san halin: ka dawo, amma garin ya yi maka ƙanƙanta. Tun satin farko ya shirya da abokinsa Mato cewa zai sayar masa da kwamfutar, ya yi guzuri, ya bi motar Agadas.

Gwaggonsa, Madam Balaraba, tsohuwar malamar lakwal ce, wato makarantar boko. Ita ke riƙe da wani ƙaramin ɗakin karatu da ƙungiyar malamai ta buɗe. Ta sha wuya tana roƙon wani kamfanin buga littattafai na Yamai, har suka yarda suka aiko da kwali cike da faya-fayan sede, irin waɗanda ake sa wa kwamfuta. Kowane faifai littafi ne guda: lissafi, kimiyya, Faransanci, duk na ɗaliban da ke shirin jarrabawar bireve, ta kammala ƙaramar sakandare.

Wakilin kamfanin, Mushe Abdulhamid, ya kira ta a waya, Jamilu na zaune yana ji. Ya ce kowane faifai yana da lambarsa ta buɗewa, kuma sau ɗaya take aiki. Na'urar da aka fara buɗe littafi a kanta, nan zai zauna. Ya ce zai zo da kansa ya duba. In ya tarar an buɗe su a na'urar da ba ta ɗakin karatu ba, zai kwashe kwalin ya kai Illela, don su ma sun nema.

Kwamfutar ɗakin kuwa tana Tawa, ba ta iso ba.

Madam Balaraba ta ba kowane faifai lambar jeri, ta liƙa masa suna, ta jera su a kabad. Da za ta tafi suna a Bazaga, ta miƙa wa Jamilu makulli.

"Ɗana, ka share ɗakin kawai. Kar ka taɓa su sai injin ya iso."

Ya yi dariya. "Gwaggo, ni fa faifai na ci na sha. Babu wanda ban kwafa ba. Tsoratarwa ce irin ta ƴan Yamai."

"Ko ma mine ne, ka jira."

Bai jira ba. Da la'asar ya ɗauki kwalin ya nufi fadarsu, inda samari ke dafa shayi. Ya sa faifan farko, ya buga lambar, sai ga littafi da hotuna sun bayyana. Aka taru a kansa.

"Kai, Ba-Kwatane, buɗe wancan mai hoton zuciya," in ji Mato, don haka yake kiransa tun dawowarsa daga Kwatano.

Ya buɗe. Wani ya ce na taswira. Ya buɗe. Kafin a zuba shayi na uku, babu faifan da bai shiga kwamfutarsa ba.

Bayan ƴan kwanaki, wata motar siminti ta sauke kwamfutar ɗakin. Madam Balaraba ta tara ɗalibai, aka haɗa wayoyi, Jamilu ya zauna gaban na'ura yana gyara wuyan riga. Ya sa faifai, ya buga lamba. Na'urar ta ce an riga an yi amfani da lambar.

Ya sa na biyu. Haka. Na uku. Haka.

Ya gwada duk dabarun da ya koya a Kwatano. Gumi ya jiƙa masa baya. Ɗalibai suka fara kallon juna, suna fita ɗaya bayan ɗaya.

Gwaggonsa ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Jamilu, ina ka kai su?"

Ya faɗa mata, kansa a ƙasa. Sai ta ce, "Mushe Abdulhamid ran Alhamis zai zo."

Motar Agadas kuwa ran Juma'a za ta tashi. Mato ya same shi ya ce, "Mi ya dame ka? Kawo injin, in goge tarkacen littattafan, ka kama hanyarka. Kafin su gama surutu kana cikin sahara."

Jamilu ya ce masa ya zo ya same shi ran Alhamis.

Ran Alhamis da hantsi wakilin ya iso. Ya gwada faya-fayan da kansa, fuskarsa ta canza.

"Madam, wa ya buɗe su?"

Jamilu na tsaye bakin ƙofa, jakar kwamfutarsa a kafaɗa, Mato na jiransa a waje kan babur.

Madam Balaraba ta ce, "Ni aka ba amana, ni na ba da makulli. Ka rubuta sunana."

"Kin san abin da zai biyo baya. Zan cire Konni daga cikin waɗanda muke aika wa. Zan roƙi ofis ya ba Illela sababbin lambobi." Ya fara mayar da faya-fayan cikin kwali, yana ɓamɓare sunayen da ta liƙa da hannunta.

Ta tsaya tana kallonsa.

Mato ya danna ham.

Jamilu ya shigo. "Mushe, yi haƙuri. Ni na buɗe su, ba ita ba. Dokar taku mi ta ce daidai?"

"Ta ce littattafan su kasance a na'urar ɗakin karatu."

Ya zuge jakar, ya ajiye kwamfutar a teburi, ya kunna. Littattafan duka suna ciki.

"To wagga ta ɗakin karatu ce."

"Tun yaushe?"

"Tun yanzu."

Wakilin ya dube shi da kyau. "Saurayi, ba aro ba ne. In na ɗauki lambar injin nan, ba ya sake fita ƙofar nan. Ko kai sai ka bi layi."

Gwaggonsa ta ce a hankali, "Ɗana, ita ce guzurinka."

"Na sani, Gwaggo."

Mushe Abdulhamid ya juya kwamfutar, ya ɗauki lambarta, ya fito da faya-fayan daga kwali ya mayar kabad. Kafin azahar an kira mai walda, ya yi mata keji, ya ɗaure ta da teburi.

Mato ya leƙo ta taga ya ce, "Ba-Kwatane, injin aka ɗaure ko kai?"

Jamilu ya ce, "Mu biyu."

Washegari motar Agadas ta tashi babu shi. A daidai lokacin yana tsaye bayan layin ɗalibai, yana nuna wa wata ɗaliba yadda ake juya shafi, Gwaggonsa na sake liƙa sunayen da aka ɓamɓare.

Darasi: Sanin aiki a wani gari bai ba ka izinin taka ƙa'idar amanar da aka bar maka ba. In an ce ka jira, ka jira. In kuma girman kai ya riga ya sa ka ɓarna, kar ka bar wanda ya yarda da kai ya ɗauki laifin. Ka gyara, ko da abin da ka fi so ne zai tafi. Ku tura wa ƴan'uwa, musamman waɗanda suka dawo daga tafiya suna ganin sun fi ƙarfin dokar gida.