Yadda Tabawa Maginiya Ta Fito da Karatu Fili

Dalilin da ya sa in kun zauna karatu kuke ɗaga murya har mai wucewa a hanya ya ji ku, ku matso in gaya muku, don ba haka aka fara ba. A zamanin da, karatu raɗa shi ake yi.

A wancan zamani akwai wani birni da ake kira Gangare, wata Magajiya ce ke mulkinsa. A tsakiyar birnin akwai wani gida mai doguwar katanga, ana ce da shi Gidan Sani. A nan ake koyon zana alamu a kan allunan yumɓu: lissafin watanni, lokacin shuka, sunayen magunguna. 'Ya'yan gidaje bakwai kaɗai ke shiga, su ma sai maza. Dokar kuwa mai tsanani ce. Duk wanda ba ɗan gidajen nan ba, in karatun ya shiga kunnensa, a fitar da shi daga birni, ba shi ba dawowa. Don haka malami ya raɗa, ɗalibi ya raɗa.

A bayan katangar nan wata maginiyar tukwane take zaune, sunanta Tabawa. Mijinta ya rasu, ya bar ta da 'ya'ya mata biyu da tsohuwar uwarta wadda ƙafa ta daina ɗaukarta. Ita ce ke yi wa Gidan Sani alluna, kuma in sun fashe ita ake kawo wa ta jiƙa ta sake kwaɓawa. Shekara ashirin tana duban alamun nan kafin ta jefa su a ruwa. Ta san kamannin kowace, amma ba ta san abin da suke faɗa ba, abin kuwa yana cin ta a rai.

Ana nan, sai kunnen babban malamin gidan, wani dattijo mai suna Barmo, ya soma nauyi. Ɗalibi ya raɗa, Barmo ya ce, "Me ka ce?" Ɗalibi ya ƙara, Barmo ya ce, "Buɗe baki mana." Yau a ɗaga kaɗan, gobe a ƙara kaɗan, ba wanda ya lura.

Wata safiya Tabawa na kwaɓa yumɓu sai ta ji muryoyi sun tsallako katanga: "Ƙafar kaza, gero. Bakin ƙwarya, ruwa. Ƙafar kaza a ƙarƙashin bakin ƙwarya, shuka ta yi."

Ta tsaya cak. Ta rarumo wani fasasshen allo, ta duba, sai ga alama mai kama da ƙafar kaza, ga mai kama da bakin ƙwarya a kanta. Ta ce a ranta, ashe magana kuke yi duk shekarun nan. Ta tashi ta zauna, ta sake tashi, ta rasa inda za ta sa kanta don murna.

Tun daga ranar ta mayar da wurin aikinta gindin katanga. Su karanta a ciki, ita ta bi da yatsa a waje. Damina biyu, ba allon da ke gagarar ta. Rannan daɗi ya ɗebe ta, ta gina wani tulu, ta zana a wuyansa: Tabawa ce ta gina ni.

Tulu ya tafi kasuwa, aka saye shi a gidan Galadima Dogara, wanda shi ɗan gidajen bakwai ne. Ya zo shan ruwa, idonsa ya faɗa kan wuyan tulu. Kafin rana ta take tsaka an kawo Tabawa ƙofar fada, birni kaf ya taru.

Galadima ya ce, "Ranki ya daɗe, matar nan ta saci karatu. A bi doka."

Magajiya ta ce, "Tabawa, me kika ce?"

Tabawa ta durƙusa ta ce, "Ranki ya daɗe, ban taɓa taka gidan ba. Ina zaune a gidana karatun ya tsallako ya same ni."

Magajiya ta dubi tulun ta ce, "Wataƙila zane kawai ta kwaikwaya, ba ta san ma'anarsa ba."

Galadima ya ce, "A gwada ta. A kawo allo, ga Barmo nan, ta karanta a gabansa."

Aka miƙa mata babban allon watanni. Tabawa ta gane Magajiya ƙofa ta buɗe mata: in ta ce ba ta iya ba, sai ta koma gida. Ta hango 'ya'yanta a cikin taro, ta tuna tsohuwarta da ba za ta iya tafiyar ko zango ɗaya ba. Ta sunkuya za ta ce ban sani ba, sai ta ga alamun nan a jere, ta san sunan kowace. Bakinta ya ƙi faɗin ƙarya. Ta soma karantawa ƙasa-ƙasa.

Barmo ya kara hannu a kunne ya ce, "Me take cewa? 'Yata, ɗaga murya."

Ta ɗaga.

Ya ce, "Har yanzu ban ji ba."

Sai Tabawa ta miƙe tsaye, ta cika ƙirji, ta saki murya irin wadda take tallar tukwane da ita. Ta karanta watan share gona, ta karanta watan ruwan fari, ta shiga watan shuka. Barmo ya manta shari'a ake yi, ya kama buga sanda a ƙasa yana cewa, "Haka ne. Ci gaba." Can sai mata masu daka suka soma amsawa bayanta, maƙera suka ɗauka, masaƙa suka ɗauka, fili ya ɗauki amo.

Galadima ya zabura ya ce, "A tsayar da ita!"

Magajiya ta ɗaga hannu, aka yi tsit. Ta ce, "Galadima, tuna mini. Me doka ta ce a kan wanda ya ji karatu, alhali ba ɗan gidajen bakwai ba ne?"

Ya ce, "A fitar da shi daga birni, ranki ya daɗe."

Ta ce, "To, ni ma na ji, kuma ban taɓa shiga Gidan Sani ba. Duk waɗannan sun ji. In muka fita, ku gidajen bakwai ɗin wa zai yi muku noma?"

Dariya ta ɓarke. Barmo ya tambayi abin da ake wa dariya, aka faɗa masa da ƙarfi. Ya girgiza kai ya ce, "Shekara arba'in ina koyarwa, ban ga wanda ya kai ƙarshen allon nan ba tuntuɓe ba sai ita. In za a kore ta, a haɗa da ni."

Nan take Magajiya ta soke dokar. Ta ce daga yau ba a ƙara raɗa karatu, a yi shi da ƙarfi, duk wanda ya ji rabonsa ne. Washegari jama'a suka cika ƙofar Tabawa kowa na son allo, har da Magajiya, wadda ta aiko a yi mata biyu. Kafin azahar yumɓun gidan ya ƙare, Tabawa ta kwashi mata suka nufi bakin kogi ɗebo wani, tana gaba tana karantawa, suna biye suna amsawa.

Shi ya sa har yau ba a karatu da raɗa. In malami ya ce ku ɗaga murya, ku ɗaga da kyau, don ba ku san wanda ke wucewa yana saurare ba.